Kamshaf ɗin da Ka Ɗauka a Ƙarƙashin Rumbu

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga Usumanu Fita, Batsari, zuwa ga ɗana Sani, bakaniken motar ƙungiyar manoma a Safana.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da kawunka Malam Idi da iyalinsa duka. Allah ya tsare ku daga sharrin hanya, da sharrin ƙarfe, da sharrin zuciya. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Ni ma na gaishe ka domin addini ya hore mu da sallama, amma ka sani raina a ɓace yake.

Ga yadda al'amarin ya iso gare ni, in da kuskure a gyara. Wata biyu ke nan da ka bar gidan nan, bayan kawunka, shugaban ƙungiya, ya tsaya maka aka danƙa maka motar da manoman Safana da Runka da Babban Duhu suka haɗa ƙarfi suka saya, mai injin dizal. Kamshaf ɗinta ya cinye, ga gyaɗa an ɗinke a buhuna tana jiran a kai ta sikeli a sayar. An aika Kano neman sabo, kantin Turawa ya ce sai jirgin ƙasa ya kawo daga Ikko. Ranar Lahadi ka zo gida, ka tarar da ni kwance ƙurkunu ya kama mini ƙafa. Ka durƙusa, ka tambaye ni jiki, ka sha fura, ba ka ce mini uffan a kan aikinka ba. Da za ka tafi sai ka zagaya bayan gida, ka jawo wani ƙarfe naɗe cikin buhu daga ƙarƙashin rumbu, ka ɗaure a keke. Mahaifiyarka ta tambaye ka, ka ce mata tsohon ƙarfe ne za a kai wa maƙeri.

Jiya Sale mahauci, wanda ke cin kasuwarku da tamu, ya zo dubiya. Bai gama zama ba ya ce, "Malam Fita, barka da arziki! Ashe ka haifi wanda ya fi ka."

Na ce, "Sale, bakinka dai ba ya hutu. Me kuma ya faru?"

Ya ce, "Au, kana kwance duniya na wuce ka. Sani ya ce Turawa su riƙe ƙarfensu a Ikko su yi miya da shi. Ya samo na injin fetur, ya zura, ya shige kamar don shi aka ƙera. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zai tayar a gaban kowa. Har an yi mini maganar rago."

Yana dariya, ni kuwa na ce a ɗauko takarda. Da ƙafata tana taka ƙasa, da ba takarda za ka gani ba. Na umurci Sale ya miƙa ta hannun kawunka, a karanta a zaurensa a gaban dattawan ƙungiya kana zaune, domin na san halinka: in kai aka ba, za ka ninke ta ka sa aljihu sai ranar Asabar.

Tun da dattawa za su ji, bari in faɗi abin da kamshaf yake. Dogon ƙarfe ne a cikin inji, yana da tozaye jere a jikinsa kamar na shanu. In yana juyawa, kowane tozo yakan tura bawul, wato 'yar ƙofar da iska ke shiga ko hayaƙi ke fita, ya buɗe ta a kan lokaci, ya sake ta ta rufe a kan lokaci. Injin fetur yana da fulogi mai ba da wuta, saboda haka fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka cikin inji yana matsa iska, ba ya bukatar hawa can ƙoli, akwai sarari a samansa. Injin dizal ba shi da fulogi. Matsa iska yake yi har ta yi zafin da za ta kunna mai, don haka fistin yakan hau har ya kusa taɓa kan inji, abin da ya rage da ƙyar farce zai shiga. Tozon kamshaf na fetur ya fi faɗi da tudu, yana buɗe bawul da wuri, ya zurfafa shi, ya yi jinkirin rufewa. In ka sa shi a dizal, fistin zai hau ya tarar da bawul bai koma ba. Ƙarfe biyu su haɗu a wurin da aka yi domin ɗaya.

Ba a littafi na karanta wannan ba, Sani. Ƙarfen da ka ɗauka, shi kansa, ya taɓa kashe inji a hannuna.

Lokacin kana Runka wurin kakarka. Ina yi wa Alhaji Nuhu aiki a nan Batsari, yana da mota biyu daga kamfani ɗaya: tsohuwa mai fetur wadda ta daɗe a kan duwatsu, da wata mai dizal, irinta ta farko da aka gani a ƙasar nan. Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, bazara ta shigo, rumbunan mutanen Ruma sun yi fayau. Alhaji ya sayi dawa a kudu, wajen Funtuwa, ana so a kwaso ta kafin ruwa ya sauka En'e ta rufe hanyar rani. A wannan ƙuncin kamshaf na mai dizal ya karye.

Na kwance na tsohuwar motar, na shimfiɗa su biyu a kan tabarma. Na auna tsawo da zare, daidai. Na ƙirga haƙoran giya, daidai. Na zura shi a mazauninsa, ya shige sumul, ko guduma ban ɗaga ba. Na tashi ina kakkaɓe riga ina jin ba wani fita, wato bakanike, kamata daga nan har Katsina. Tozayen kuwa kallo ɗaya na yi musu, na ga adadinsu ɗaya, na wuce. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ne kake ciki yanzu har wuya. Zare yana auna tsawo, ba ya auna lokaci, aikin kamshaf kuwa duk lokaci ne. In za ka gwada biyu, ka ɗora su a kan katako mai laushi, ka daidaita alamar giyarsu, ka juya su tare a hankali, ka zuba ido ka ga wane tozo ke riga wani ɗagowa, wane ke daɗewa a sama. Ka yi wannan? Na san ba ka yi ba. Da ka yi, da Sale bai ji maganar rago ba.

Ubangidana da ya koya mini sana'a, Baba Tanko, yana da rai a lokacin. Ido ya yi rauni, ya bar aiki, yakan zauna a inuwar tasha yana jan carbi. Da labari ya kai masa sai ya sa aka riƙo hannunsa har inda nake. Ya ce, "Usumanu, zaro shi in shafa."

Na zaro ba da son raina ba. Ya bi tozayen da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya laluba karyayyen ya shafa. Ya ce, "Wannan na fetur ne. Bayansa ya yi faɗi. Kada ka sa."

Na ce, "Baba, ai ya shiga."

Ya ce, "Ƙafata ma tana shiga takalmin Alhaji, amma ban wayi gari da mota biyu ba."

Aka yi dariya, na ji kunya ta kama ni, kunyar ta koma fushi. Da aka tafi da shi sai na dubi mutane na ce tsufa ne, mutumin da bai taɓa kwance dizal ba, ga shi ko tafin hannunsa ba ya gani. Haka na faɗa a kan wanda ya ɗora mini sifana a hannu tun ban san dama da hagun noti ba. Ka ga inda ka gado abin. Ka zauna a gabana ranar Lahadi, tsakanin bakinka da kunnena bai fi kamu ɗaya ba, ka san shekarun da na yi hannuna cikin baƙin mai, amma ka ga tsoho ne mai rubabbiyar ƙafa, me zai sani? Ni aƙalla na bari Baba Tanko ya shafa. Kai ko wannan ba ka yi ba, ka zagaya ta bayan gida kamar baƙo mai mugun nufi, ka kuma yi wa uwarka ƙarya a tsakar gidanta. Wannan ƙaryar ta fi ɗaukar ƙarfen yi mini ciwo, domin ta nuna mini zuciyarka ta riga ta gaya maka akwai shakka, ka danne ta. Duk aikin da ka ji ba ka son wanda ya fi ka sani ya gani, ka ajiye sifana ka je ka nuna masa, shi ne ma ya fi bukatar a gani.

Ka san ƙa'idar da na koya maka tun farkon zamanka a gareji: duk injin da aka taɓa masa kamshaf, sai an sassauta nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, domin iska ta sami mafita, a sa handul, ƙarfen murɗa inji, a juya shi da hannu zagaye biyu cikakku, sannu a hankali, kafin a kusanci batir. Ka sha tambayata dalilin da nake tsananta wannan har nake zagi, ban taɓa ba ka amsa ba. Ga amsar. Ran nan na yi wa Alhaji alkawari a gaban jama'a cewa ranar kasuwa mota za ta tashi. Ranar ta zo, tasha ta cika, masu goro, masu ƙosai, 'yan dako, har mutanen Ruma da suka tako a ƙasa da buhunansu. Ban sassauta nozul ba saboda sauri. Na sa handul na fara juyawa, ban kai rabin zagaye ba na ji ya cije. Ba irin nauyin iska ba, wanda ke turo hannu baya a hankali. Wata 'yar turjiya ce ta ƙarfe a kan ƙarfe. Hannuna ya gane ta sarai.

Sai wani mai goro ya ɗaga murya, "Fita, ko a kawo jakuna su taya ka?"

Tasha ta ɗauki shewa. Na zare handul na jefar, na ce wa kaina ƙarfin dizal ne kawai. Direban motar, Garba Dogo, yana zaune a bayan sitiyari, ya leƙo ya ce, "Malam, an gama?"

Na ce, "Tayar."

Ya ce, "Na ga kamar ba ka cika zagayen ba."

Na ce, "Kai ne fita ko ni? Tayar na ce!"

Ta tashi. Wallahi ta tashi, kuma wannan ne ya sa nake tsoro dominka, don kai ma za ta iya tashi. Mutane suka yi kabbara, wata mata ta rangaɗa guɗa. Na yi wa Garba alama da hannu ya taka totur, ya taka. Sai muka ji kamar an juye duwatsu cikin tukunyar ƙarfe ana girgizawa, sa'an nan ƙara ɗaya mai ƙarfi, sa'an nan shiru. Da na buɗe, bawul sun lanƙwashe kamar lauje, fistin biyu sun fashe, kan inji ya tsage. Motar da ke jiran ƙarfe ɗaya ta koma jiran inji sukutum.

Kada ka sake sa wa gyara rana a gaban jama'a. Taron mutane ba ya jin abin da hannunka ke ji a handul, su dai a tashi su yi tafi, in ta mutu su ne farkon masu cewa dama sun faɗa. Ka ce Juma'a bayan masallaci? Wa ya aike ka? Inji ya san Juma'a ne?

Ba a yi kwana bakwai ba ruwa ya sauka, aka rufe hanya. Dawar Alhaji sai a kan jakuna da raƙuma ta riƙa isowa kaɗan-kaɗan, wata ta jiƙe a rafi ta tsira a cikin buhu. Akwai wata dattijuwa daga Ruma, kowace ranar kasuwa sai ta tsaya a bakin gareji da ƙwaryarta ta ce, "Malam, motar ta warke?" Ba da gatse take yi ba, tambaya take da gaske. In ce mata tukuna, ta ce Allah ya ba ta lafiya, ta juya ta kama hanya. Tafasa da rama mutanen Ruma suka ci a bazarar nan. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Yanzu na zo wurin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har mahaifiyarka. Malam Idi, ka karanta shi da ƙarfi kamar sauran, kada ka tsallake.

Da yammacin ranar Alhaji Nuhu ya kira mu zaurensa, ni da Garba. Ya ce, "Usumanu, kai ka san ƙarfe. Me ya kashe mini mota?" Na buɗe baki na ce direba ne ya taka totur da ƙarfi inji bai yi zafi ba. Garba ya juyo ya dube ni, ya ce, "Malam Usumanu, haka ne?" Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin tabarma. Garba ya ciro makulli ya ajiye gaban Alhaji, ya sa takalmansa ya fita. Kafin wanda Alhaji ya kira daga Kano ya zo duba injin, na zare kamshaf na fetur na mayar da karyayyen, na naɗe wancan a buhu na kai gida na cusa ƙarƙashin rumbu. Ko ƙwarzane bai yi ba. Ya kashe inji, ya fito lafiya lau.

Labari ya bi tashoshi daga Katsina har Funtuwa, ana cewa ga Garba mai kashe inji. Mutumin da ya fi kowa iya ratsa yashin rafi da kaya bai sake riƙe sitiyari ba. Baba Tanko ya san gaskiya, bai tona ni ba, amma daga ran nan in na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice ya ci gaba da carbinsa, haka muka zauna har Allah ya karɓi ransa. Garba Dogo yana nan Babban Duhu yana noma da fartanya, kun san shi duka, kuma na tabbata gyaɗarsa tana cikin buhunan da ke jiran motar nan. Ni kuwa na ci gaba da amsa Malam Fita, ana ba ni wuri a sahun gaba.

Ka ga abin da ƙarfen nan ya ci mini. Duk shekara nakan jawo shi in shafa masa mai in mayar, ina ce wa kaina wata rana mai fetur za ta bukace shi. Ƙarya nake, na kasa jefar da shi ne, na kuma kasa kallonsa a fili. Kai ka gan shi yana ƙyalli ka ɗauka taska na ɓoye maka. Laifin ɓoyewar nawa ne, na ɗauka. Amma na tona asirin kaina yau a gaban surukaina da dattawan gari uku, a kan tsufana, ba don komai ba sai don ka zare shi daga injin mutane. In bayan wannan ka tayar, to ka sani da idonka biyu ka yi.

Abin da za ka yi ba shi da yawa. Ka zare shi yau, ka mayar cikin buhunsa, ka ba Sale ya kawo mini. Ka rufe injin da kyau kada ƙasa ta shiga, ka jira na Kano ko da zai kai wata. Za a yi maka dariya ranar Juma'a, Sale ne ma zai fara, zai ce a ba shi ladan wuƙar da ya wasa. Ka tsaya ka sha dariyar, ba ta wuce kasuwa biyu.

A ƙarshe ina roƙon haɗin kan kowa da kowa, cikin girmamawa. Malam Idi, ina roƙonka saboda zumuncin da ke tsakaninmu ka sa a cire batir ɗin motar a kai ɗakinka, ka riƙe handul a wurinka, kada ka ba kowa ko da Sani ya rantse maka. Direban ƙungiya, wanda ban san sunansa ba, ina roƙonsa kada ya hau kujerar nan komai wanda ya ce masa tayar. Dattawan Safana da Runka da Babban Duhu, na san gyaɗa tana jira, ana kuma maganar haraji, ina roƙonku ku yi haƙuri kada ku matsa wa yaron nan da rana. Na aika wa masu jakuna na nan Batsari, sun amsa za su zo su fara rage buhuna. Ina kuma roƙon a aika Babban Duhu a kira Garba Dogo, a sake karanta masa takardar nan daga farko har ƙarshe a gaban shaidu. Ban nemi gafararsa a takarda ba, wannan sai na tako da ƙafata in ƙurkunu ya sake ni.

Kai kuma Sani, saura magana ɗaya. Sale yana tsayawa a kowane ƙauye, kai kuwa ba ka da haƙuri, mai yiwuwa ka ce bari ka gwada kafin Juma'a. In takardar nan ta iso an riga an tayar, inji ya riga ya mutu, to ka miƙe tsaye a zauren nan tun kafin a tambaye ka, ka ce kai ne, da hannunka, da ƙarfen da ka ɗauko ba da izini ba. Kada sunan direba ya fito daga bakinka. In ka yi haka, ko sun kore ka, ka hau kekenka ka dawo gida, ƙofa a buɗe take. In ka ɗora wa wani, kada ka zo mini dubiya.

Allah ya kiyaye ka, ya kiyaye dukiyar bayinsa da ke hannunka, ya kai mai ɗauke da takardar nan lafiya kuma a kan lokaci. Allah ya tsare ku duka a gida da daji, ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Usumanu Fita, Batsari.